Manzo Burokoli da wuƙar Kadi

A Waca in ka ce Manzo sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Burokoli kowa zai nuna maka lambunsa a bakin fadama. Manomin gero ne tun kakanni, mutum mai taurin kai na gaske. Sunan kuwa ya samo shi ne bayan farin 1973, lokacin da rumbunsa ya koma ɗakin ɓeraye, ga ƴaƴa suna kallon tukunya.

Ƙanensa Goni, wanda ke dafa wa wani Bature ɗan Italiya abinci a Damagaram, shi ya kawo masa wani iri a ƙunshe. Ya ce ɗan'uwan shu ne, wato kabeji, sunansa burokoli, kuma a bakin mutanen Italiya kalmar na nufin ƙananan toho. Ya ja masa kunne ya yanke kan tun yana kore shar, kafin ya yi fure. Manzo ya ce to, irin to ɗin da babban wa ke ce wa ƙane.

Ya shuka da sanyi kusa da rijiya, ya yi ta ban ruwa har kafaɗa ta yi kanta. Abu ya yi kyau, kawuna suka fito dunƙule-dunƙule. Nan fa Manzo ya kafe. Shi a duniyarsa ba a yanke zangarniya ɗanya, sai ta nuna. Matarsa Kadi ta yi magiya, ta tuna masa garin da ya rage ba zai kai su ko'ina ba, ya ce ta bar masa harkar noma.

Kadi ta shiga jiran dama. Ranar da ya tafi kasuwar Dungas ta ɗauki wuƙa ta sare layi biyu, ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, yara suka ci har da suɗe kwano. Da ya dawo ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya rantse ba zai taɓa ba.

Zafi na shigowa, waɗanda ya tsare suka buɗe, suka zama fure rawaya fal, sai ƙudan zuma ke cin moriya. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Waɗanda Kadi ta sare kuwa, ga toho nan ƙanana ta kowane gefe. Ta yanka, su sake fitowa. Su suka riƙe gidan har Goni ya aiko da hatsi.

Ƴan kasuwa suka laƙa masa sunan don tsiya, ya bi shi har tsufa. Bai daina shukawa ba, yana kuma ci, amma hannunsa bai taɓa yarda ya yanke kai kore ba. Duk shekara in lokaci ya yi sai ya wasa wuƙa, ya miƙa wa Kadi, ya juya baya.

"Yi sauri," yakan ce, "kafin in sake shawara."