Mai Randar Zamani a Kasuwar Zakirai

A layin masu tukwane na kasuwar Zakirai, wani magidanci mai tabarau da farar shadda ya kafa wilin keke a kwance, ya ɗora masa faifan katako da curin yumɓu a kai. Da gani tsohon ma'aikaci ne da ritaya ta gundura. Yana kallon bidiyo a waya, yana juya wilin, wai zai koya wa mutanen ƙauye ginin randa na zamani.

Yumɓun ya tashi kamar gaske, sai ya karkace ya zube masa a cinya, karo na uku.

Tsohuwar da ke kusa, mai gina nata da hannu, ta leƙo. "Sannu da ƙoƙari, Malam. Kaskon ruwan kaji ne?"

Ya goge tabarau, ya rage murya. "Inna, ajiye min babbar can taki. Na yi wa iyalina alkawarin randa yau."