Takardar da na cire wa hatimi

Sana'ata buga wa mutane takardu a kwamfuta, a wani ɗan shago a unguwarmu ta Briqueterie. A nan na ci karo da rahoton da hukuma ta sa a intanet kan ruwan rijiyoyin unguwanninmu. Cikin waɗanda aka ce kada a sha har da rijiyar bayan gidan yayata, inda take ɗiba ita da jikokinta duk ranar da famfo ya ɗauke. Famfonmu kuwa ya fi kwana a ɗauke.

Rahoton da Faransanci yake, irin na likitoci. Na juya shi zuwa Hausa don in liƙa a bakin rijiyar. Mai unguwa ya duba ya ce, "Malam, takardar gwamnati ce. Ka nemo izini tukuna, kada ka jawo mana."

Na tafi ofishin da ya fitar da rahoton. Sau nawa na je, ni ma na daina tunawa. Daga ƙarshe wata ma'aikaciya ta tausaya mini. Ta ce, "Monsieur, karantawa dai kowa na iya karantawa. Amma juyawa da rabawa, babu rubutun da ya ba ka, babu wanda ya hana ka, shi ya sa ba mai sa maka hannu. In za ka yi, to ka cire tambarinmu da hatimi."

Ni da wayona, sai na ji kamar an ba ni izini. Na cire tambari, na cire hatimi, na buga fes, na liƙa bayan la'asar.

Na manta mutanen da nake cikinsu. Mu nan, takardar da ba hatimi maganar wanda ya buga ta ce. Kafin magariba labari ya zaga cewa na ƙulla wa mai rijiya sharri. Dattijon kuwa sadaka ya haƙa ta saboda mahaifiyarsa, shekara da shekaru ana sha ana sa masa albarka. Ya yage takardar. Har yau in na gaishe shi a masallaci, da kai yake amsawa.

Na kai wa yayata ta Faransancin a waya, ga tambari ga komai. Ta ture hannuna.

"Auta, wannan ba na iya karanta ta. Wadda nake iya karantawa kuma kai ka rubuta. In gaskiya ne, me ya hana su sa hannu?"

Ni ma tambayar da nake yi ke nan. Haushi ya ishe ni, kuma na gaji.

Ranar Juma'ar da ta wuce na leƙa ta, famfo a ɗauke. Ta kawo mini ruwa a kofin silba, ta tsaya a kaina tana kallo, jikokinta ma suna kallo. Ba a mayar wa babbar yaya ruwan maraba. Na yi bisimilla na sha.