Tauraron da na ce na gani

A daminar da ɗiyata ta zo mana hutu daga Malbaza, inda take koyar da kimiyya a koleji, idona na hagu ya riga ya shekara yana ganin duniya kamar ta cikin farar leda. Na dama kuma ya fara bin sahunsa. Ban gaya wa kowa ba.

Ina da dalili. Mahaifina ya yi yanar ido. Wata ranar kasuwa aka kawo masa mai maganin gargajiya, ya zaunar da shi a tabarma, ya sa wani siririn ƙarfe ya tura yanar ciki. Kwana uku yana murna, har awakinsa ya ƙidaya da bakinsa muna ji. A na huɗu idon ya kumbura. Sauran shekarunsa duka da sanda aka ja shi. Na san asibiti daban ne, na ga waɗanda aka yi wa aiki a Kwatano da Abijan suka warke. Amma duk sa'ad da na tuna ƙarfe zai kusanci idona, tabarmar nan nake gani.

Shekara talatin na yi ina tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, daga bakin teku har Tamanrasat. A hanya na tsinci Faransanci da Zabarmanci da Larabcin kasuwa da ɗan Tamajak. Da na aje tuƙi na dawo Dogarawa, sai na zama mai karanta wa unguwa takarda: ta lakwal, wato makaranta, ta jandarma, ta magani. A shekarar nan na koyi wata dabara. In an miƙo mini takarda, sai in juya ta, in ce rubutun likita ne, a kai farmasi. Ko da kuwa daga lakwal ta fito.

Wata la'asar ina kishingiɗe a tsakar gida, matata tana tsinke yakuwa, ɗiyar tana shirya darussanta na komawa. Sai ta ɗago kai.

"Baba, ka san muna da maƙwabciyar rana?"

"Guda ma ta ishe mu," in ji uwarta. "Wagga da muke da ita ƙone muna hatsi take."

Ɗiyar ta yi dariya ta yi mana bayani. Tauraro ne, ta ce, irin ranarmu, sai dai ya ɗan fi ta ƙanƙanta da sanyin haske. Nisa ne ya mai da shi ɗigo. A lissafin masana yana cikin na kusa, duk da haka haskensa sai ya yi wajen shekara goma sha biyu a hanya kafin ya iso mu. Ana kuma zaton akwai duniyoyi da ke kewaya shi kamar yadda tamu ke kewaya rana, ko da yake masanan suna gardama a kan yawansu.

"Sun gan su?" na tambaya.

"Ba su gan su ba. Shi tauraron ne ke ɗan rangaji, gaba da baya, don abin da ke kewaya shi na jan shi. Daga rangajin suke auna nauyin abin."

Wannan na gane shi nan take. Na san wani tsohon jandarma a hanyar Dosso wanda ba ya ɗaga tamfol. Tun daga nesa yake duban yadda mota ke karkata a kwana, ya gaya maka lodin da ka ɗora. Na kwana cikin hamada da Buzaye masu sanin taurari kamar yadda na san ramukan hanyar Ƙonni, amma ba wanda ya taɓa ce mini ɗaya daga cikinsu rana ce mai nata iyali. Abin ya kama ni, har na manta da kaina na tambaya ko ana ganin shi da ido.

"Ana gani, in ido na da lafiya. Gobe kafin asuba in gwada maka."

An yi ruwa a daren, sama ta wanku. Kafin ladan ya yi kira ta fito da ni bayan rumbu, ta juya ni kudu, wajen Najeriya, ta miƙa hannu bisa kan gawon maƙwabcinmu. Ta ce in fara daga mai hasken can, in gangaro hagu. Mai hasken na gan shi, a dame, kamar fitilar mota cikin ruwan sama. Bayansa babu komai sai toka.

"Ka gan shi, Baba?"

"Na gan shi."

"Ɗan rawaya-rawaya ne ko?"

"Haka yake," na ce. Na wuce masallaci da ƙarya a bakina.

Daga ranar na rasa sukuni. Kowace asuba nakan riga kowa fita, in tsaya bayan rumbu, in rufe ido ɗaya da tafin hannu, in sake in rufe ɗayan. Da can ina iya ce wa kaina tsufa ne, kowa haka yake gani. Yanzu ga wani abu a wuri sananne, masu ido suna ganinsa, ni ba na gani. Haske ya yi tafiyar shekara goma sha biyu bai ɓata ba, ya zo bakin idona ya tarar da ƙofa a rufe. Nakan tsaya ina lissafi: in na hagu ya tafi cikin shekara guda, na dama zai kai ni girbi? Zai kai ni azumi? Wa zai ja ni, tun da yaran duk sun watse? Abinci ya daina shiga. Matata ta ce ko gishirinta ne ya canza, na ce zafi ne.

A asuba ta biyar na ji takun ɗiyar a bayana. Ta tsaya kusa da ni ta ɗan jima.

"Yau ma shina nan, Baba?"

Na ɗaga hannu bisa gawo. "Ga shi can. Yau ya fi haske ma."

Muryar uwarta ce ta zo daga bakin ɗaki, a hankali.

"Malam, hadari ya rufe kudu duka. Tun tsakad dare ba tauraro ko guda."

Na sauke hannuna. Sai a lokacin na ji iskar ruwa a wuyana.

Bayan na dawo masallaci matata ta aje mini kunu, ta zauna, abin da ba ta saba ba da safe. Ta ce tun bara ta sani. Na ce wa ya gaya mata.

"Wa zai gaya min? Kai da kake tafiya kana karkata kai kamar zakara ya ga shaho. In an ba ka hannu sai ka kama iska tukuna. Kana tsammani turmi da ƙafahunsa ya tashi daga hanyarka? Farin tsumman da ke ga igiyar shanya, ado na yi?"

Na dubi tsakar gidan. Wata da watanni ban yi tuntuɓe ba, ina ta yaba wa kaina.

"Mi ya hana ki magana?"

"Na san Baba," ta ce, tana nufin mahaifina. "Ni na riƙa kai mishi tuwo. Na san abin da kake tsoro. Amma shi ƙarfe ya makanta shi, kai zama zai makanta ka."

Ranar Laraba ɗiyar ta sa ni a motar Ƙonni. A asibiti na tarar da likita mace, ba ta kai ɗiyata shekaru ba. Na zuba mata Faransanci mai kyau don kada ta gane tsoro nake ji. Ta bar ni na gama, ta haska idon, ta ce da Hausa, "Baba, yana ce, ta nuna. Kwana nawa kana ɓoyo?" Ta gaya mini ba tura ta ake yi ciki ba, cire ta ake yi a sa wani ɗan gilashi a gurbinta. Na tambaye ta ko ana rasa ido a aikin. Ta ce yana faruwa, ba safai ba, kuma ba za ta rantse mini ba. Wannan amsar ce ta sa na yarda. Mai maganin mahaifina ya rantse.

An yi aikin na hagu bayan girbi. Ba zan ce na yi jarumtaka ba. Sun ce in daina motsa ƙafa har sau uku. Kwanakin da suka biyo baya, kowace safiya sai na shafa fatar idon in ji ko ta kumbura, ina jiran rana ta huɗu irin ta mahaifina. Ta zo ta wuce.

Lokacin ɗiyar ta koma Malbaza, tauraron kuma ya koma fitowa da yamma. Ta wayar salula ta kwatanta mini, tsakanin magariba da lisha, kudu maso gabas, ta ce in fara daga mai hasken nan kamar da. Na rufe idon dama na bi kwatancen. Ɗigo ne ƙarami, ba shi da wani kwarjini, a cikin ƴan'uwansa. Na kira matata na nuna mata.

"Wanga ɗan abin ne ya hana ka cin tuwona?"

Na ce shi ne. Sai na sauya hannu, na rufe na hagu, na duba da na dama. Toka. Likitar ta ba ni ranar aikin na dama bayan watanni biyu, kuma tun daga lokacin tsoron ya dawo mini. Na gaya wa matata haka, a tsaye a wurin, kafin ta gane da kanta.