Hajiya Shamsiya Ta Hau Keke

Ɗaliban Nijar da suka ratsa jami'ar Saint-Denis da ke gefen Paris duk sun san Hajiya Shamsiya ta ɗakin karatu. In ta ji yaro yana Hausa a waya sai ta yafito shi, ta tambayi garinsu, sannan ta tambaye shi ko ya ci abinci. Daga Maraɗi ta zo karatu tana budurwa, a nan ta haɗu da Abdul'aziz, mutumin Tawa, suka yi aure, Allah ya ba su 'ya ɗaya, Nuriyya. Har ta haura hamsin ba ta taɓa hawa keke ba. A gidansu keke na yayyenta maza ne, a Paris kuwa metiro, jirgin ƙasa na cikin gari, ya ishe ta.

Malam Abdul'aziz ne mai keke. Kowace Lahadi yakan bi bakin kanal, wato mashigin ruwan da aka haƙa, ya dawo da gumi da labari. Wata shekara ciwon zuciya ya kayar da shi a wurin aiki, aka yi masa tiyata. Jiki ya warke, likita ya ce ya riƙa motsawa, amma tsoro ya riga ya shige shi. Ya lazimci kujera gaban taga, ko burodi ba ya sauka saye. Hajiya ta yi lallashi, ta yi faɗa, duk a banza.

Ran nan da safe sai ya ga tana jan kekensa daga baranda.

"Hajiya, ina za ki da shi?"

"Koyo zan yi, Malam."

"Ke? Da girmanki?"

"An ce gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ba ni da shi."

Ta taga ya riƙa kallonta a filin ajiye motoci. Ta faɗi, ta kaɗe zane, ta hau, ta sake faɗuwa. Bai san sa'ad da ya sauko da silifas ba. Ya kama sirdin yana cewa, "Bar kallon ƙasa, dubi gabanki!" Haka ya yi ta sassarfa a bayanta har hantsi. Ta ji numfashinsa a kunnenta, ta yi murmushi.

Kafin zafi ya shigo ta sayi nata keken, suna fita tare. Nuriyya, wadda ke aikin bincike a jami'ar Bron kusa da Lyon, ta bugo waya ta ce su zo hutu wurinta. Hajiya ta ce, "Muna tafe, amma da keke." Nuriyya ta yi salati. Likita kuwa ya ce babu laifi, muddin ba tsere za su yi ba.

Suka ɗaura jakunkuna, ta ɗora hular kwano a kan kallabinta, suka bar Paris cikin watan Yuli. Kwanaki suka yi suna bin gaɓar ruwa, su tashi da sanyin safiya, in rana ta take su nemi inuwa. Daga wajen Chalon suka hau tsohuwar hanyar jirgin ƙasa, wadda aka cire wa ƙarafa aka shimfiɗa wa kwalta. Shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa mai wahala, ga itatuwa sun yi mata rumfa. Nan da can sai su tarar da tsohuwar tasha, sunan ƙauyen na nan a bango, ba jirgi ba fasinja. A irin waɗannan wurare suke shimfiɗa darduma su yi salla. Malam ya riƙa nuna mata fararen shanu a makiyaya yana kushe su, wai duk ƙibarsu ba su kai jajayen shanun Azawak kyau ba. A wani ƙauye wata tsohuwa mai suna Sandrine ta cika musu goruna da ruwa, ta dubi Hajiya ta ce ita ma mijinta da keke ya sace mata zuciya.

Bayan Cluny hanyar ta kai su bakin wani dogon rami da aka huda cikin dutse domin jirgi. Iska mai sanyi na fitowa daga ciki, ba a hango ƙarshensa. Malam ya sauke ƙafa ya tsaya, hannunsa a ƙirji.

"In abin ya taso mini a ciki fa? Wa zai ji mu?"

Ita ma tsoro take ji, domin tun tana yarinya ba ta son wuri mai duhu. Amma ta ce, "Ni zan ji ka. Zan shiga gaba. In na kaɗa ƙararrawa, ka amsa da taka."

Suka yi bisimilla suka shiga. Fitilu dishi-dishi, ruwa na ɗiga daga sama, sanyi kamar an buɗe firiji. Ta kaɗa, ya amsa. Ta kaɗa, ya amsa. Can tsakiya ta kaɗa, shiru. Zuciyarta ta yanke, ta taka birki. Sai ga shi ya zo ya wuce ta gefenta yana dariya, muryarsa na amsa kuwwa: "Hajiya, kin cika nawa!" Rabon da ta ji dariyar nan tun kafin asibiti. Ta bi shi tana share hawaye da bayan hannu, keken na ta karkata.

Daga Mâcon suka bi kogin Saône har Lyon. Nuriyya na jiran su a bakin tashar taram, jirgin da ke bin titi, ta ga iyayenta sun yi baƙi, sun rame kaɗan, suna gardama kan wanda ya riga isowa. Ta rungume su a tsakiyar titi. A gida ta tuƙa musu tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, Malam ya cinye ya nemi ƙari, barci ya kwashe shi a kujera tun kafin la'asar. Hajiya ta tsoma ƙafafunta cikin ruwan ɗumi, ta jima tana kallonsa. Sannan ta rage murya ta ce, "Nuriyya, wai gaskiya ne hanyar nan ta bakin kogi tana kaiwa har teku?"