Hannun da Yaya Sale Ya Ɗaga

Ranar gayya ce a gonar wana, Yaya Sale. Da sassafe matarsa Hajara ta dama kunu, muka sha a tsaye. Ni ne makaɗin ƙauyenmu. Aikina in bi bayan manoma da ganga ina zuga su.

Da hantsi kiɗa ya yi daɗi. Ina kiran kowa da sunan kakansa, ƙasa na tashi. Yaya Sale na can gaba, a gefen gabas. Sai na ga ya miƙe, ya ɗaga hannu yana kaɗa mini. Na ɗauka yabo ne, na ƙara wa gangar wuta. Ashe ƙarar babura ya jiyo, yana so in yi shiru sauran su ji.

Harbin farko ne ya tsayar da ni. Wani ya yi ihu, "Ku kwanta!" Wani ya ce, "Ku yi rafi!" Na yar da ganga na faɗa cikin ciyawa. Ban nemi wana ba. Ina jin kukan shanu da kururuwar mata. Hayaƙin rumbuna ya rufe gari.

Bayan azahar na iske Hajara a gaɓar rafi, da goyo, ba takalmi. Muka bi ayarin masu gudu. Washegari muka hango dutsen Kufena, muka shigo birnin Zariya. Wani malami a unguwar Kusfa ya ba ta ɗaki cikin iyalinsa, ni ya bar mini zaure.

Duk waɗanda ke gefen gabas ba wanda ya dawo: Yaya Sale, Musa maƙeri, 'ya'yan liman biyu.

Yanzu dako nake yi. Bayan la'asar Hajara kan tsaya bakin zaure ta ce, "Iro, kai ka yi masa ganin ƙarshe. Yaya aka yi?"

Sai in fara daga kunun safe. Kafin in kai hantsi sai in koma baya: girbin bara, ranar da aka kawo ta gidanmu, shekarar da Yaya Sale ya goya ni daga kiwo da ƙaya a ƙafa. Ta yi murmushi, ta share ido, a kira magariba. Allah Ya yafe mini, da gangan nake yi. Kullum ƙara nisa nake daga hantsin nan.

Jiya ta sake tambaya. Na ba ta labarin rijiyar da babanmu ya haƙa yana saurayi.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Iro, wannan labarin ai babu yayanka a ciki."