Shekarar da Ba Mu Yi Shuka Ba

Injin ya shigo gidanmu a Funtuwa cikin bazara, a ƙarshe-ƙarshen shekarun tamanin, jim kaɗan bayan an sallami maigidana daga aikin malamin gona. A lokacin ba a cika cewa kwamfuta ba, inji mai ƙwaƙwalwa muke ji ana faɗi a rediyo. Wani Bature da suka yi aikin auduga tare ne zai koma ƙasarsu, ya bar masa shi. Ni da na ga ana sauke kwalaye daga bayan a-kori-kura na ɗauka firji ne, har na fara washe baki. Da aka buɗe sai ga gilashi kamar ƙaramar talabijin, da akwatin ƙarfe mai baki biyu, da madannai irin na tafireta, da injin buga takarda. Sai kuma wasu faya-fayai baƙaƙe masu kusurwa huɗu, masu laushi kamar kwali.

Ɗaya daga cikin faya-fayan nan shi ne faifan tayarwa. In ba a zura shi ba injin ba ya sanin ko waye shi. Maigida zai zura shi, ya murɗa ɗan makulli, ya kunna, akwatin ya yi ta gyaran murya, sannan koren rubutu ya fito ya gai da Baturen da sunansa, ya jero ayyukan da ya saba yi masa. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo har na gaji da miƙa ruwa. Teburina na cin abinci ya tafi, zanen da na yi wa ado da hannuna ya zama mayafinsa. Na raɗa masa suna Ranka-ya-daɗe, tunda duk gidan shi kaɗai ake yi wa fifita.

Maigida yana da shiri a ransa. Wani Alhaji dillalin auduga ya ce in ya ga injin yana aiki zai ba shi lungu a sitonsa, ya riƙa buga masa takardu. Ni kuwa hankalina yana Gozaki, garinsu. Can yake da gona, wadda Baba, surukina, ya yanka masa lokacin da ya raba gandu tsakanin 'ya'yansa. Jar ƙasa ce mai kyau, daga ita muke cin masara da dawa shekara da shekaru. Da yana aiki, ranakun Asabar da hutu yake zuwa, Baba ya kula da sauran. A wannan shekarar gwiwoyin Baba sun ƙi, albashi kuma ya tsaya, don haka gonar nan ita ce abincinmu. A wajenmu ba a barin gona mai kyau ta kwana. In mai ita bai zo ba, sai babba ya ba wani ɗan uwa aro. Wanda kuwa ya zuba taki ya yi shuka, raba shi da ita sai an ɓata zumunci.

Maigida ya ce 'yan kwanaki kawai yake nema, ya gyara injin ya zama nasa, ya nuna wa Alhaji, sai mu tafi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne gaisuwar nan. Bai ga yadda zai kunna inji gaban Alhaji ya gai da wani ƙato da ke can ƙasar sanyi ba. Mutumin kirki ne maigidana, mai tsabta har ta yi yawa. Duk ɗakin hayar da muka taɓa shiga sai ya share shi da kansa, ya ɓamɓare kalandar wanda ya tashi, ya cire ƙusoshin bango. Haka ya yi wa faifan. Ya sa injin ya jero masa sunayen duk abin da ke ciki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda bai gane ba ya goge. Ina tuna yadda ya miƙe ya karkaɗe hannu, ya ce mini yanzu an samu fili.

Washegari ya kunna. Akwatin ya yi gyaran muryarsa, ya rubuto layi ɗaya da Turanci, wai bai ga mai karɓar umarni ba, ya tsaya cik. Ya kashe ya kunna, layin nan dai. Ya ciro faifan ya hura masa iska, ya ɗaga shi sama ya duba kamar mai duba ƙwai, ya mayar. Ko gezau. Ashe cikin sharar da ya yi har da abin da ke sa injin ya ji magana, kuma faifan tayarwar guda ɗaya ne tal, Baturen bai bar wani ba.

Ya kira wani ɗan kudu mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, haifaffen Funtuwa, Hausarsa ta fi tawa. Mutumin ya kwance akwatin, ya shinshina, ya taɓa nan ya taɓa can da ɗan ma'auninsa.

"Malam, ba abin da ya ƙone," in ji shi. "Jikinshi ƙalau yake. Abin da ke damunshi ba na hannu ba ne."

Ga kuma wutar lantarki, wadda ba ta da lokaci. Wata rana da hantsi, wata rana da azahar, wata rana ta zo ja-ja ba ta ko iya juya fanka. Saboda haka maigida ya daina fita. Sai ya zauna a bakin ƙofa da littafin injin, wani tulelen abu da rabinsa ba ma Turanci ba ne, ido ɗaya a shafi, ɗaya a kan ƙwan fitila. Da ƙwan ya kama sai ya zabura kamar an tsikare shi. Ko sujadar Lahadi a tsaitsaye yake yi, kafin fasto ya sa albarka ya riga ya kai ƙofa.

Saƙon Baba na farko wani ɗan garinsu ne ya kawo ranar kasuwa. A gaya masa an gama sharar gona ko'ina, tasa ce kawai ta rage. Maigida ya ce a gai da Baba, yana nan tafe. Bayan kwana kaɗan hadari ya haɗu ta gabas, aka tafka ruwa irin wanda duk ɗan manomi ya san na shuka ne. Na tsaya a tsakar gida ina shaƙar ƙamshin ƙasa. Shi kuwa yana ɗaki yana lulluɓe Ranka-ya-daɗe da leda, don rufin yana ɗiga.

Wani ya gaya masa akwai malami a Zariya mai inji irin nasa. Ya naɗe faifan cikin hankici ya sa a aljihun gaba, ya hau mota. Malamin ya karɓe shi hannu biyu, ya kwafa masa abin da ya goge a kan faifan. Ya dawo yana fara'a, har ya sayo mini rake. Muka jira wuta. Da ta zo ya kunna, injin ya canza magana: wai wannan mai karɓar umarnin ba tsaransa ba ne, na wani zubin ne daban. Ya sake tsayawa cik. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗi haka ba.

Ranar ce na kasa haƙuri.

"Malam, an yi ruwan shuka. Mu tafi gida mu binne iri, in ya so ka dawo ka ci gaba da jinyar maras lafiyarka."

"Ke dai ba ki gane ba. Saura ƙiris."

"Tun yaushe nake jin ƙiris ɗin nan? Shi za mu tuƙa da kaka?"

"In na koma Gozaki yanzu da fartanya a kafaɗa, mi za a ce? A ce boko ya ƙare, ya dawo ya ci gonar ubanshi."

"Yo a ce mana! Wa ya taɓa mutuwa don an ce?"

Ya juya ya kalli gilashin da ba komai a cikinsa sai layin nan. A nan na gane ba injin yake gyarawa ba. Tun ranar da aka sallame shi bai yi mini maganar aikin ba ko sau ɗaya, ashe duk a nan ya zuba ta. Haushina ya koma tausayi, kuma tausayin ya fi ciwo, domin haushi ko ba komai yana sa mutum ya ɗaga murya. Na yi tunanin in tafi ni kaɗai in yi shukar, amma ina da goyo a lokacin, kuma mace ta je gonar miji ba shi ba, ai tona masa asiri ne a gaban danginsa.

Saƙo na biyu gajere ne. Baba ya ce masarar mutane ta fito. Maigida ya ce a gaya masa mako mai zuwa.

Ya koma Zariya. Wannan karon malamin ya yi masa sabon faifan tayarwa sukutum, ya kuma ja masa kunne ya kwafi na biyu ya adana kafin ya taɓa komai. Injin ya tashi. Sai dai in ka danna wannan harafi wani ne zai fito, saboda madannan na ƙasar Baturen ne, kuma layin da ke sanar da injin haka ya bi shara. Dole aka zauna rubuta masa layukan farawa daga tushe: irin madannan da yake da su, inda zai nemi abubuwansa, yadda zai yi magana da injin bugawa. Na koyi tafireta a makarantar mishan, don haka ni ke dannawa, shi yana karantowa daga littafi da yatsa a kan layi. Kuskure ɗaya sai injin ya sandare, a kashe, a tayar da ɗaya faifan, a nemo inda aka kauce. Sau da yawa muna tsakiyar layi wuta za ta ɗauke, mu zauna muna jin ruwa a kan kwano. Danshi ma ya sa mu gaba, wani faifan har fumfuna ya yi.

Saƙo na uku bai zo ba. Ranar kasuwa na hango ɗan garin nasu wajen masu gishiri, ya gaishe ni da kyau, ya tambayi yara, ya wuce. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Wata Laraba da rana komai ya daidaita. Injin ya tashi, ya gai da maigida da sunansa, haruffa suka fito yadda aka danna su, injin bugawa ya yi ƙara ya turo takarda. Maigida ya yi dariya har da hawaye. Aka ɗauko Alhaji ya zo ya gani. Ya zauna a kujerarmu mai kyau, ya ce madalla, ya ce lallai Bature ya iya shiririta. Sannan ya ce ai yanzu damina ce, ba auduga ba takarda, a bari sai kaka a gani. Ya karkaɗe babbar rigarsa ya tafi.

Ranar Asabar muka hau motar Danja, daga can muka ƙarasa Gozaki. Duk hanya kore shar, mutane sun duƙa suna noman farko. Maigida ya yi ta kallon taga.

Na shirya wa faɗa. Na ɗauka Baba zai wanke shi tas a gaban kowa, har ina tsara yadda zan durƙusa in ba da haƙuri. Da ma hakan aka yi. Muka same shi zaune a ƙofar gida ya miƙe ƙafafu. Ya amsa gaisuwarmu da sakin fuska, ya ce a shimfiɗa sabuwar tabarma, a kawo ruwa a kwanon sha mai murfi. Ya sa aka kama zakara. Ni ya ce mini, "Sannu ɗiyata, kun sha hanya." Shi kuwa, wanda tun yana yaro Baba bai taɓa kiransa da komai ba sai sunan wasansa, sai na ji ya ce:

"Malam, ya mutanen Funtuwa? Ya aiki?"

Maigida ya sunkuyar da kai. Ya fara cewa, "Baba, maganar gona..."

"Af, an yi mata dabara. Kada ka damu kanka, kai da ke da hidima. Ci abinci."

Da la'asar maigida ya ce zai zaga gona, na bi shi da goyona. Gonar tana nan inda take, masara ta kai gwiwa, layi-layi bisa kunyoyi, an zuba mata taki har ta yi duhu. Ɗan ƙanen Baba ne a ciki da matarsa, suna noma. Ya ɗago ya gan mu, ya share gumi, ya yi mana barka da zuwa, ba kunya ba tsiwa, ai ba sata ya yi ba. Maigida ya taka ya shiga, yana dubawa irin na malamin gona, har ya sunkuya zai taɓa ganye.

"Yaya," in ji mutumin a hankali, "ɗan bi ta kan iyaka don Allah, kada ka taka mani kunya."

Maigida ya dubi ƙafafunsa. Ya ja da baya, ya hau kan iyaka, ya bi ta a hankali har ƙarshen gonar, hannayensa a baya. Ni na tsaya a bakin hanya, na kasa kallonsa.