Maitama da Jinjirin Watan Azumi

Maitama mai hoto ne a bakin tashar jirgin Ƙaura. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ya rantse ya ga watan azumi, aka ce tabaransa ne ya yi masa gizo. Abin ya ci masa rai. Ya sayar da ragonsa, ya sayo wa kyamararsa gilashi mai jawo nesa, dogo kamar taɓarya.

Da shekara ta zagayo muka hau tudu da shi duban wata da magariba. Ƙyas! Ya daka tsalle: "Na kama shi, wallahi!"

Na ce, "To Baba, gwada muna mana."

Sai ya tuna wankin fim sai Gusau.

Hoton ya iso ran huɗu ga azumi, ga jinjiri tar. Tun daga nan, in ana duban wata, Maitama ne liman ke fara tambaya.